Ungozomar da Umma Ta Ƙi

Tun daga barandar ɗakin haihuwa Auta ta hango shi. Yana tsaye a inuwar katangar asibiti, ya jingina da babur ɗinsa, yana magana shi kaɗai yana lanƙwasa yatsu kamar ɗalibin da za a kira gaban allo. Sai da ta ji kamar ta juya ta roƙi Sista ta ƙara mata aikin yamma.

Amma ya riga ya gan ta.

"Ungozomata!" Dogo ya faɗa yana washe baki. "Yau kam na samo maganin Umma."

"Don Allah ka bar ni in tafi gida, na gaji."

"Tsaya ki ji mana. Ba cewa ta yi ba ta son suruka ungozoma ba, wai aikin tsofaffi ne masu yanke cibiya a ƙuryar ɗaki? To na je na yi bincike. Ashe kala-kala ne ku!"

Dogo malamin lissafi ne a sakandare, kuma tun tana shekarar farko a makarantar ungozoma suke tare. Ta san halinsa. In ya ɗauko abu, sai ya kai shi ƙarshen allo.

"Akwai ta gida," ya ce, "wadda ta koya a hannun uwarta ko kakarta, ba ta taɓa zama a aji ba. Ita Umma take nufi. Akwai wadda ake ba gajeren horo a tura ta ƙaramin asibitin ƙauye, in haihuwa ta zo da gardama ta turo gaba. Sai irinku, da kuka shiga makarantar kai tsaye daga sakandare..."

"Na san irina, Dogo."

"Ki bari in ƙarasa, kin san wahalar da na sha kafin in haddace? Sai wadda ta fara zama nas tukuna, ta dawo ta ƙara karatun ungozoma a kai, kamar Sistar nan taku mai tsawa. Har da mai digiri, wadda take koyar da sauran. Duk na zayyane wa Umma jiya."

"Sai ta ce me?"

Murmushinsa ya ɗan ragu. Ya sosa ƙeya.

"Wai ashe ma ke ba nas ba ce. Shi ya sa na ce abu ya zo da sauƙi. Kina gamawa sai ki wuce ki ƙara. Ki yi nas ɗin, ki yi digirin. Ni zan riƙa kai ki ina ɗauko ki a babur ɗin nan har ya mutu."

Auta ta sunkuyar da kai tana kallon farin takalminta. Da zai yiwu, da ta gaya masa ya daina wahalar da kansa. Ko da za ta hau duk matakan da ya lissafa, ta zama ita ce shugabar makarantar, amsar Umma ba za ta canja ba. Ta san dalilin. Kuma a duk duniya ita ce mutum ta ƙarshe da ke da ikon faɗarsa.

* * *

Makonni kaɗan da suka wuce wata mata ta zo da rana tsaka, ranar da ɗakin haihuwa ya cika har da masu jira a benci. Ita kaɗai, ba ɗan rakiya, ta lulluɓe da babban mayafi. Dattijuwa ce mai kamala, irin wadda in ta shigo wuri ake miƙewa a ba ta kujera. Auta ta ɗauka 'yarta ta zo dubawa, sai da ta ga jini yana bin dugaduganta.

Ciki ne wata biyar, kuma ya riga ya taso.

Sista ta duba ta, ta girgiza kai, ta sa aka ja labule. Wata mai tagwaye tana ihu a gadon ƙarshe, don haka Sista ta ce, "Ɗaliba, zauna da ita. Kada ki matsa ko nan da can. In jini ya ƙaru ki ƙwala mini kira."

Auta ta zauna. Ita ta riƙe mata hannu lokacin da ciwon ya murɗa. Ita ta ji dattijuwar, wadda ta shigo ko tari ba ta yi, tana kiran mahaifiyarta da ta daɗe da rasuwa. Da abin ya fito, Sista ta zo ta yi nata aikin ta koma, Auta ce ta kawo ruwan ɗumi ta wanke mata jiki, ta canja mata zane, ta naɗe ɗan abin da bai kai tafin hannu biyu ba a farin ƙyalle.

"Namiji ne?" matar ta tambaya, idonta a rufin ɗaki.

"Namiji ne, Mama."

Sai a lokacin ta yi kuka. Ta kama wuyan hannun Auta ta riƙe gam.

"'Yata, ina da jikoki. Babbar 'yata goyo take yi. Mijina kaɗai ya san da cikin nan, shi ma yana hanya, sai gobe zai iso. Na ɓoye shi a cikin mayafi ina jin kunyar a gani, yau ga shi ya tafi babu wanda ya yi masa maraba. Kada 'ya'yana su ji. Hawan jini na ce musu."

"Babu wanda zai ji," Auta ta ce.

Ba sai an roƙe ta ba ma. Tun ranar da suka fara shiga ɗakin nan, kafin a koya musu sa safar hannu, Sista ta tsayar da su a bakin ƙofa ta ce, "Mace tana shigowa nan ta tuɓe muku komai nata, ba zane kaɗai ba. Wadda ta san bakinta yana yoyo ta koma gida tun yanzu, ta je ta koyi ɗinki."

Ba a daɗe ba Dogo ya ce lokaci ya yi da za ta je ta gaishe da mahaifiyarsa. Ta yi kwalliya daidai, ta shiga falo kanta a ƙasa, ta durƙusa. Yayarsa tana gefe tana jijjiga jariri. Auta ta ɗago don ta amsa gaisuwa, ta ga ashe dattijuwar nan ce.

Da ta yi shiru, da wataƙila an wuce wurin. Amma ido ya saba. Ta ga leɓen ya yi fari, ta ga tafin hannun babu jini, bakinta ya riga hankalinta.

"Mama, ya ƙarfin jiki? Kina dai shan maganin ƙarin jinin?"

Yaya ta daina jijjiga jaririn.

"Au, kin san Umma ne?" Yaya ta tambaya.

"Ta ina za ta san ni?" Umma ta ce, ba tare da ta kalle ta ba. "Yaran asibitin nan haka suke, kowa suka gani majinyaci ne. Ku ba ta ruwa ta sha."

Washegari Umma ta kira Dogo ta ce ba ta amince ba.

* * *

A gida ma babu inda za ta sa kanta. Tana shiga ta tarar da Gwaggo, ƙanwar mahaifinta, ta baje a tsakar gida tana taya Inna ninkin wanki.

"Ga amaryar babur nan ta dawo," Gwaggo ta ce. "Ya kawo ki ne, ko yau ma yana can yana yi wa uwarsa darasi?"

"Sannu da zuwa, Gwaggo."

"Yauwa. Mai Kemis ya sake tare ni a hanya. Mutumin nan in ya gan ni har ƙasa yake durƙusawa, da tumbinsa da komai. Ya ce in kin yarda zai ware miki ɗaki a bayan shagon, ki riƙa yi wa mata awo, shi yana sayar musu da magani ta gaba. Kin ga gida ya haɗu. Uwarsa kuwa cewa ta yi ungozoma a gida ai rahama ce."

"Ni ban gama makaranta ba ma."

"Shi wancan ɗin da kin gama ne zai aure ki? Uwa ta ce ba ta so, me ya rage? Ko so kike ki shiga gidan da za a riƙa wanke kofin da kika sha ruwa?"

Inna ta jira sai da Gwaggo ta tafi. Ta biyo Auta ɗaki, ta zauna a bakin gado, ta daɗe tana kallon ta tana cire farin kaya.

"Auta, ni na haife ki. Ba a ƙin mutum haka kawai daga gaisuwa ɗaya. Me kika yi wa matar nan?"

"Ban yi mata komai ba, Inna."

"To me ta sani a kanki da ni ban sani ba?"

Tambayar ta soke ta. Ta juyo, ta ga idon Inna ya ciko da irin tsoron da ba ta taɓa gani a cikinsa ba. Wato har mahaifiyarta ta fara zargin ko wani abin kunya ta aikata.

"Wallahi, Inna, babu komai a kaina."

"To faɗa mini abin da yake akwai."

Auta ta buɗe baki. Magana ɗaya ce, gajera, da za ta wanke ta tas. Amma Inna za ta gaya wa Baba don hankalinsa ya kwanta, Baba zai gaya wa Gwaggo don ta daina surutu, Gwaggo kuwa ko tukunya aka rufe ta a ciki sai unguwa ta ji.

"Ba zan iya ba," ta ce, hawaye suka zubo.

Inna ta miƙe a hankali.

"Shi ke nan. Babanki ya ce ba zai zuba ido ana yawo da sunanki ba. In mutanen yaron nan ba su turo ba har kika gama jarrabawa, zai saurari wanda ya shirya. Ba zai yi miki dole ba, amma zai daina buɗe wa wancan ƙofa."

* * *

Da hantsi, ana tsakiyar awo, wayarta ta yi ta rawa a aljihu. Ta gama auna cikin da ke gabanta, ta nemi izini ta fita baranda.

"Kina ciki?" Muryar Dogo har da ɗoki. "Na kawo Umma. Zazzaɓi ya hana ta barci, jiya har jiri ya kwashe ta a kicin. Da ƙyar ta yarda, wai ita wani asibitin take so, na ce nan ya fi kusa. Layi ya yi tsawo. Ki zo ki taimaka, ta ga aikinki da idonta. Kin ga Allah ne ya kawo mana hanya."

Ta mayar da wayar aljihu ta nufi wajensu.

Ta same su a bencin masu jiran likita. Umma ta jingina kai da bango, leɓenta ya bushe, gumi ya jiƙa gefen mayafin. Da ta ga Auta sai ta runtse ido.

"Bari in auna ta a ciki," Auta ta ce. "Kai ka jira a nan."

Ta kama ta suka shiga ƙaramin ɗakin awo, ta rufe ƙofa. Jikin kamar garwashi. Ta danna ƙasan cibiya a hankali, Umma ta cije leɓe ta riƙe ƙarfen gado.

"Mama, jinin bai tsaya ba ko?"

Umma ta kawar da kai.

"Yana wari?"

"Ke ba ki da kunya ne?"

"Ina da ita, Mama. A waje nake barin ta in zan shigo nan. An ce ki dawo a duba ki, ba ki dawo ba."

"In dawo in same ki?"

Maganar ta fito da rawar murya. Auta ta durƙusa a gaban gadon, hawayen da take riƙewa suka ɓalle.

"Mama, me na yi miki? Ban gaya wa kowa ba. Mahaifiyata ta tsare ni jiya, har ta fara zargina da abin da ban yi ba, ban faɗa ba. Shi kullum sai ya tambaye ni. Wallahi ko za a yanka ni ba zan faɗa ba."

"Na sani."

"To don me?"

Umma ta buɗe ido ta dube ta, karo na farko tun ranar nan.

"Ba ki yi mini komai ba sai alheri. Abin da 'yar cikina ba ta taɓa yi mini ba, ke kin yi. Shi ne matsalar. Suruka tana shigowa ta durƙusa, ta sunkuyar da kai, ni in zauna a kujera in sa mata albarka. Ke ta yaya zan zauna a gabanki? Kin ga abin da mijina bai gani ba. Kin ji ina kiran uwata kamar yarinya. Hannun nan da za ki miƙo mini abinci da shi..." Ta kasa ƙarasawa.

"Zan manta, Mama."

"Kin manta ranar da kika zo gaisuwa? Ido ɗaya kika yi mini kika tambaye ni magani." Ta share fuska da gefen mayafi. "Kuma ba kunyar kaɗai ba ce. Ke kaɗai kika ga fuskar ɗan da na rasa. Ni ban iya na kalla ba. Duk ranar da kika shigo gidana, da shi za ki shigo."

Duk amsoshin da Auta ta tanada a zuciyarta na wadda ake ƙi ne. Ba ta tanadi komai ba don wadda ba a ƙi ba, amma ba a iya kallo.

"Yaron nan," Umma ta ci gaba, wani guntun murmushi mai ɗaci ya kuɓuce mata, "ya zaunar da ni yana karanta mini ire-iren ungozoma. Ta gida, ta ƙauye, ta makaranta, mai digiri. Na haifi shida, huɗu a hannun ta gida, biyu a hannun ta asibiti, shi zai gaya mini. Ina jin sa ina cewa a raina, duk a kawo mini su, kowace iri, ban da guda ɗaya."

"In na haƙura da shi, za ki yarda a duba ki?"

"Ban ce ki yi ciniki da ni ba."

"Ba ciniki ba ne. Ni ɗaliba ce, ba ni da ikon yanke komai, dole in kira Sista. Amma abin da na gani ba zazzaɓin sauro ba ne. Ina jin akwai abin da ya rage a mahaifa, shi yake ba ki zazzaɓin. In aka bar shi, Mama, zai iya tafiya da ke."

"A ba ni ƙwaya in tafi gida."

"Ba zan iya barin ki ki fita ƙofar nan ba. Ki tsane ni in kina so. Kin riga kin hana ni shi, babu sauran abin da za ki ƙwace."

Umma ta daɗe tana kallon ta. Sannan ta juya fuska ga bango.

"Kira ta."

Sista ta zo da saurinta, ta duba, ta aika a kira likita. Magana ɗaya suka yi: wankin ciki, yau, da allurai da ƙarin ruwa, wataƙila har da jini. Aka kawo keken majinyata. Hanyar kuwa ɗaya ce, ta gaban bencin da Dogo yake zaune, ta bi doguwar baranda, ta ƙare a ƙofar da aka rubuta wa suna da manyan baƙaƙe.

Ya biyo su yana tambaya, babu mai amsa masa. Da suka iso ya ɗaga kai ya karanta rubutun. Ya tsaya cak.

Aka shige da Umma. Auta za ta bi, ya sha gabanta.

"Nan ɗakin masu haihuwa ne."

"Nan ne gado yake."

"Kada ki yi mini haka. Na wuce ɗakin mata a can baya, na ga gadaje babu kowa." Ya rage murya. "Auta, me ke damun Umma?"

"Likita zai yi magana da Abbanku. Ka kira shi."

"Ke nake tambaya. Ranar da na kai ki, kin tambaye ta magani. Na ɗauka rawar baki ce. Kin san ta tun kafin ranar, ko ba haka ba?"

Ta kalli ƙasa. In ta ce a'a, ta yi masa ƙarya. In ta ce e, ta gama faɗa.

"Mako nawa ina zarya tsakaninku kamar mahaukaci," ya ce, idonsa ya kaɗa ya yi ja. "Ina haddace makarantu, ina roƙon ta, ina roƙon ki. Ashe ku biyu kun san abin da kuke ciki, ni kaɗai ne bare. Uwata ce, Auta. In mutuwa za ta yi, ina da haƙƙin in sani."

"Ba za ta mutu ba, in Allah ya yarda. Ka kawo ta a kan lokaci."

"To mene ne?"

"Dogo, don girman Allah..."

"Kalma ɗaya. In har ni ne wanda kike cewa za ki zauna da shi har mutuwa, ki gaya mini. In kuma kika shiga ɗakin nan kika bar ni a tsaye, to na san matsayina."

Hannunta yana kan marfin ƙofa. Ta bayanta tana jin ƙarar ƙarafa a faranti, da Sista tana cewa a ɗaga mata ƙafa. Ƙofar a buɗe take kaɗan, labulen bai gama rufuwa ba. In ya matso taku ɗaya zai gani da idonsa.

Sai muryar Umma ta fito daga ciki, a raunane, ta kira sunan da ba ta taɓa kira ba.

"Auta."

"Na'am, Mama."

"Rufo ƙofar. Ki zo ki riƙe ni."

Auta ta ɗago ta dube shi. Yana girgiza mata kai a hankali, leɓensa yana motsi ba sauti.

Ta ja da baya ta shiga, ta tura ƙofar a kan fuskarsa, ta murɗa makulli.